Alcide d'Orbigny: Mutumin da ya gano shekarun duwatsu daga ƙwayar yashi

Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Jos ta Tudun Wada da dajin Falgore ya san duwatsun ƙasar Doguwa. A cikinsu garin Riruwai yake, inda aka daɗe ana haƙar kuza tun kafin zuwan Turawa. Idan aka nufi yamma zuwa Kalambaina a gefen Sakkwato, abin da ake haƙa dutsen siminti ne. A Kolmani kuwa, kan iyakar Bauchi da Gombe, man fetur ake nema.

Me ya sa arzikin ƙasa ya rarrabu haka? Amsar tana cikin tarihin kowane dutse: yadda ya samu, da lokacin da ya samu. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da masana ke bi su san wannan tarihi ita ce duba ɓawon wasu ƙananan halittun teku da ake kira foraminifera, waɗanda yawancinsu ba su fi ƙwayar yashi girma ba.

Wanda ya raɗa musu wannan suna wani Bafaranshe ne, Alcide d'Orbigny (ana furta sunan Alsid Dorbinyi), wanda ya rasu a shekarar 1857. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Duk da haka sunayen da ya ƙirƙiro suna cikin littattafan da ɗaliban ilimin duwatsu ke karantawa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri.

Yaron da ke tankaɗe yashi

An haifi d'Orbigny ranar 6 ga Satumban 1802 a garin Couëron, kusa da birnin Nantes a yammacin Faransa. Mahaifinsa likita ne da ya yi aiki a jiragen ruwa, kuma mutum ne mai sha'awar tara tsirrai da dabbobi da duwatsu. Daga baya iyalin suka koma yankin La Rochelle a bakin tekun Atilantika.

A nan yaron ya tashi yana bin mahaifinsa gaɓar teku. Ya koyi zane, ya kuma koyi aiki da madubin ƙara girman abu. Da ya ɗebo yashi ya shimfiɗa a ƙarƙashin madubin, sai ya ga ashe ba duka ne tsakuwa ba. Akwai wasu 'yan ƙwarya masu ɗakuna a ciki, wasu a nannaɗe kamar katantanwa, wasu a jere kamar carbi.

Wasu masana sun riga shi ganin waɗannan abubuwa, musamman a Italiya, sai dai babu wanda ya tsara su a tsari guda. D'Orbigny ya shiga neman yashi daga wurare masu nisa ta hannun matuƙa jiragen ruwa da masu tara kayan tarihi. Ya shafe shekaru yana tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya yana zana su.

Matsalarsa ita ce yadda zai nuna wa mutane abin da ido ba ya gani. Sai ya sassaƙa siffofinsu a manya, aka zuba su da filasta, har guda 100, ya riƙa sayar wa masana da gidajen tarihi kashi-kashi. Har yanzu akwai irin waɗannan siffofi a ajiye a wasu gidajen tarihi na Turai.

Sunan da ya zauna da kuskuren da ya tafka

A 1826, yana da shekara 23, aka buga babban aikinsa na farko a wata mujallar kimiyya ta birnin Paris. A ciki ya lissafa nau'o'i sama da 500, ya kuma ba su sunan foraminifera, daga kalmomin Latin biyu masu nufin mai ɗauke da huji, saboda ƙananan ƙofofin da ke haɗa ɗaki da ɗaki a cikin ɓawon.

Ya rarraba su bisa yadda ɗakunan suka jeru. Akwai masu layi ɗaya miƙaƙƙe, da masu layi biyu da ke saƙa juna kamar kitso, da masu nannaɗewa, da waɗanda ɗakunansu ke naɗe juna kamar ƙwallon zare. Wannan ne tsari na farko da aka taɓa yi musu, kuma saboda shi ake ɗaukarsa a matsayin uban ilimin burbushin ƙananan halittu.

Sai dai ya yi kuskure babba. Ya zaci dangin wata dabbar teku ce mai suna Notilus, wadda ita ma ɓawonta ke da ɗakuna, wato ya ɗauka suna da kai da hannaye, ƙanana ne kawai. A 1835 wani ɗan ƙasarsu, Félix Dujardin, ya duba masu rai ya gano cewa babu kai, babu hanji, babu gaɓoɓi. Abin da ke ciki wani abu ne mai yauƙi da ke miƙo zaruruwa waje don kama abinci. A yau an san kowace ɗaya ƙwayar halitta guda ce tak.

D'Orbigny bai yi gardama mai tsawo ba. A ayyukan da ya fitar a 1839 ya cire su daga dangin Notilus, ya ba su nasu rukunin.

Sama da shekara bakwai a Kudancin Amurka

Aikin 1826 ya jawo masa hankalin manyan masana na gidan tarihin halittu na Paris, ciki har da Georges Cuvier. Suka zaɓe shi ya tafi Kudancin Amurka ya tattaro musu abin da ya samu. Ya tashi daga tashar jiragen ruwa ta Brest a watan Yulin 1826, bai dawo gida ba sai farkon 1834.

Ya bi ta Brazil da Uruguay da Ajantina, ya yi watanni a yankin Patagoniya, sannan ya wuce Chile da Peru. Ya fi daɗewa a Boliviya, inda ya yi kusan shekara uku yana hawa tsaunukan Andes yana gangarawa dazuzzukan gabas cikin kwalekwale. Shugaban ƙasar na lokacin, Andrés de Santa Cruz, ya tallafa masa, shi kuma ya saka masa ta hanyar raɗa wa wani katafaren bado mai faɗin ganye sunansa.

Ya koma Faransa da kaya sama da 10,000: tsuntsaye, kifaye, ƙwari, tsirrai, duwatsu da burbushin halittu. Ya kuma rubuta bayanai kan al'ummomin da ya zauna da su da harsunansu. Rubuta sakamakon tafiyar ya ci shi daga 1835 zuwa 1847, a manyan mujalladai masu ɗaruruwan zane-zane.

Charles Darwin ya isa Patagoniya 'yan shekaru bayansa, kuma a wata wasiƙa ya nuna fargabar cewa Bafaranshen ya riga ya kwashe abubuwa mafi daraja. Daga baya ya yaba wa littafin ƙwarai, ya kuma yi amfani da shi a nasa rubutun.

Tafiyar ta jawo wata asara. Ya bar Faransa kafin a buga zane-zanen da ya yi wa foraminifera, don haka sunaye da yawa suka fito babu hoto babu cikakken bayani, abin da ya rikitar da masana tsawon shekaru. Sai a 2005 gidan tarihin na Paris ya buga waɗannan zane-zane.

Ƙwarya uku, zamani uku

Foraminifera iri biyu ne. Mafi yawansu a ƙasan teku suke zaune, cikin laka ko yashi. Kaɗan daga ciki kuma suna yawo a saman ruwa, igiya na kai su duk inda ta nufa. Nau'o'in masu yawo da ke raye a yau kusan 50 ne kawai, amma yawansu ba ya ƙidayuwa. Idan sun mutu ɓawonsu ya nutse ya taru a ƙasan teku, a hankali ya zama laka, lakar ta zama dutse.

Uku daga cikin waɗanda d'Orbigny ya raɗa wa suna sun isa su nuna yadda ake karanta su.

Ta farko ita ce Globigerina bulloides, wadda ya bayyana a 1826 daga yashin Rimini a Italiya. Ɗakunanta kewayayyu ne kamar 'yan ƙwallaye da aka manna da juna, kowane sabon ɗaki ya fi na baya girma, kuma huɗu ne ke fitowa a zagayen ƙarshe. Faɗinta bai cika kai rabin milimita ba. Tana da rai har yanzu, kuma ta fi yawa a ruwa mai sanyi mai yalwar abinci.

Ta biyu Orbulina universa, ta 1839. Wannan idan ta girma sai ta gina ɗaki ɗaya kewayayye da zai haɗiye duk ɗakunan da ta yi a baya, ta zama kamar ƙwallo mai ƙananan huji. Danginta sun fara bayyana ne kimanin shekara miliyan 15 da suka wuce. Saboda haka duk dutsen da aka same ta a ciki bai girmi wannan lokaci ba.

Ta uku ita ce wadda a yau ake kira Globotruncana linneiana. Ita a baje take sama da ƙasa kamar ƙaramin faifai, ɗakunanta a nannaɗe, kuma gefenta na da kaifi biyu da suka zagaye ta, kamar bakin gwangwani na sama da na ƙasa. Ta bayyana kimanin shekara miliyan 85 da suka wuce, ta kuma ɓace gab da ƙarshen zamanin da masana ke kira Kiretashiyos, wanda ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce.

D'Orbigny ya same ta ne a cikin yashin gaɓar Kyuba da aka aiko masa, gauraye da ɓawon halittun da ke raye. Daga baya aka gane cewa ruwa ne ya zaizayo ta daga tsofaffin duwatsun tsibirin ya zuba a bakin teku. Har yau wannan na cikin tarkon da ake gargaɗin ɗalibai a kai: tsohon ɓawo na iya shiga sabuwar laka, don haka ba a yanke hukunci da ƙwaya ɗaya.

Akwai kuma abin da bai sani ba har ya rasu, wato cewa waɗannan ukun masu yawo ne a saman ruwa. An tabbatar da hakan ne sosai bayan tafiyar jirgin binciken Birtaniya mai suna Challenger tsakanin 1872 da 1876, lokacin da aka kama biyun farko da rai a cikin koma mai ƙananan ido, aka kuma ga lakar ɓawonsu ta rufe yankuna masu faɗi na ƙasan teku.

Wannan yawo ne ya sa suka fi amfani. Nau'in da ya bayyana yakan bazu a tekuna cikin ɗan lokaci, ya rayu na wasu miliyoyin shekaru, sannan ya ɓace. Don haka idan aka samu nau'i ɗaya a dutsen Najeriya da na Tunisiya da na Brazil, an san duwatsun sa'o'in juna ne.

Raba duwatsu hawa-hawa

Daga 1840 d'Orbigny ya mayar da hankali kan duwatsun Faransa. Ya fara wani gagarumin aiki na bayyana duk burbushin halittun ƙasar marasa ƙashin baya, aikin da bai kammala ba har mutuwarsa. A 1840 ya rubuta kan foraminifera na allin yankin Paris, a 1846 kuma kan na yankin Vienna. Tsakanin 1850 da 1852 ya fitar da wani kundi mai juzu'i uku da ya jera nau'o'i kusan 18,000 bisa hawan dutsen da aka samu kowane.

Abin da ya lura da shi shi ne cewa duwatsun da laka ta haifar a shimfiɗe suke hawa-hawa, kuma kowane hawa da irin halittunsa. Launin dutse da taurinsa na iya canzawa daga gari zuwa gari, amma halittun da ke cikinsa ba sa ruɗar mai bincike kamar yadda launi ke yi. Da wannan ya raba tarihin duwatsun zuwa matakai 27, ya raɗa wa da yawa daga cikinsu sunan wurin da suka fi fitowa fili.

Albiyan daga kogin Aube ne. Senomaniyan daga tsohon sunan birnin Le Mans. Turoniyan daga yankin birnin Tours. Aptiyan daga garin Apt. Waɗannan sunaye da wasu da dama suna cikin jadawalin shekarun duniya da masana ke amfani da shi yanzu.

A wajen fassara abin da ya gani ya sake yin kuskure. Ya bi ra'ayin malaminsa Cuvier, har ya zarce shi: ya ɗauka a ƙarshen kowane mataki wani bala'i ne ke shafe dukkan masu rai, sannan wasu sababbi su maye gurbinsu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa nau'o'i da yawa na tsallake iyakokin da ya shata.

Duk da haka ba a watsar da zancen bala'i gaba ɗaya ba. A ƙarshen Kiretashiyos, lokacin da wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo a yankin Meziko na yau, kusan dukkan nau'o'in foraminifera masu yawo sun ƙare. A duwatsun Gubbio na Italiya ana ganin haka ƙarara: a ƙasa manyan ƙwarya masu kaifin gefe, a sama da wani siririn layin yumɓu kuma sai 'yan mitsi-mitsi marasa ado.

Tekun da ya ratsa Arewa

A nan aikinsa ya iso gida. A zamanin Albiyan, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, yayin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ruwan teku ya fara shigowa ta kwarin Binuwai. A Senomaniyan da Turoniyan, wajen shekara miliyan 94 da suka wuce, ruwan ya hau har yankin Gongola da tafkin Chadi, ya haɗu da wani teku da ya gangaro daga arewa ta Sahara.

Dutsen da ake haƙa a Ashaka ta Jihar Gombe don yin siminti a ƙarƙashin wannan teku ya kwanta. Masu bincike sun samu foraminifera masu yawo a cikin duwatsun yankin, galibi ƙanana masu kewayayyun ɗakuna ko masu layi biyu. Masu kaifin gefe, waɗanda suka fi son buɗaɗɗen teku mai zurfi, ba su da yawa. Wannan na daga cikin hujjojin da ke nuna cewa tekun bai yi zurfi sosai a wurin ba.

Na Kalambaina ya fi ƙuruciya. Ya samu ne kimanin shekara miliyan 60 zuwa 55 da suka wuce, lokacin da wani teku marar zurfi ya shigo ƙasar Sakkwato ta Mali da Nijar. Foraminifera da ke cikinsa yawanci mazauna ƙasan ruwa ne.

Masu neman man fetur sun fi kowa dogara da waɗannan ƙwarya. Bakin injin haƙa rijiya yana niƙe duk wani babban burbushi, amma waɗannan saboda ƙanƙantarsu sukan fito lafiya cikin ɓarɓashin dutse. Ana wanke ɓarɓashin, a tankaɗe, a duba a madubi, a san hawan da aka kai da irin ruwan da ya kwantar da shi. Kamfanonin mai sun rungumi wannan hanya sosai tun daga shekarun 1920, kuma da ita aka tsara hawan duwatsun yankin Neja Delta.

A Doguwa labarin daban ne. Duwatsun Riruwai narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa ya daskare a gindin wani tsohon dutse mai aman wuta, sama da shekara miliyan 150 da suka wuce. Mafi yawan duwatsun da ke ƙarƙashin Bebeji da Kiru da Tudun Wada sun ma fi haka tsufa nesa ba kusa ba, sun haura shekara miliyan 500. Zafin da ya samar da irin waɗannan duwatsu ba ya barin ɓawon halitta, ba ya kuma barin mai. Abin da yake kawowa shi ne ma'adinai irin su kuza da kolumbait.

Don haka ɗalibin da ya tankaɗe ɓarɓashin dutsen Riruwai ba zai ga ƙwarya ko ɗaya ba, kuma rashin ganin ma bayani ne. Wannan ne dalilin da ya sa masu neman mai a Arewa ke nufar Gongola da Chadi da Bida da Sakkwato, masu neman kuza kuma ke nufar Doguwa da Filato.

Ƙarshen rayuwarsa

Duk da yawan aikinsa, d'Orbigny bai ji daɗin manyan masanan Paris ba. Masana dabbobi na ganin ya cika ƙirƙirar sunaye, masana duwatsu kuma ba su yarda burbushin halittu ya fi siffar dutse muhimmanci ba. Ya nemi kujera a majalisar masana kimiyya ta Faransa sau da yawa, ba a zaɓe shi ba ko sau ɗaya.

A 1853 gwamnatin Napoleon na Uku ta ƙirƙiro masa kujerar farfesan ilimin burbushin halittu a gidan tarihin Paris, ta farko irinta a wurin. Sauran farfesoshin ba su yi maraba da naɗin ba, domin ba da shawararsu aka yi ba. Shekara huɗu kacal ya yi a kanta.

Ya rasu ranar 30 ga Yunin 1857 a Pierrefitte, arewa da Paris, yana da shekara 54. Shekara biyu bayan haka littafin Darwin kan asalin nau'o'in halittu ya fito, ra'ayin d'Orbigny na shafewa da sabuntawa ya rasa magoya baya, aka daɗe ana tuna shi da kuskurensa fiye da aikinsa.

Gidan tarihin ya sayi tarin kayansa a 1858, kuma masana na zuwa duba su har gobe idan ana taƙaddama kan ainihin wani nau'i. A Boliviya akwai gidan tarihin halittu mai sunansa a Cochabamba, da makarantar Faransa mai sunansa a La Paz. A Najeriya kuwa, duk rahoton binciken duwatsun Binuwai ko Gongola da ya ambaci Albiyan ko Senomaniyan ko Turoniyan, da ma'aunin d'Orbigny yake aiki.